Darasi na Bakwai: Ɗaukar Sautin Sintesaiza da Gyara Shi a Kwamfuta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bambanta saƙon MIDI da sauti, ya san hanyar da kowannensu ke bi;
2. haɗa sintesaiza da kwamfuta ba tare da gurnani ko fashewar sauti ba;
3. ɗaukar kiɗa, da auna jinkiri, da gyara shi;
4. yankewa da tacewa da daidaita abin da ya ɗauka;
5. adana aikinsa yadda za a iya komawa kansa ko bayan shekaru.

Gabatarwa

Sintesaiza na'ura ce mai ƙirƙirar sauti da wutar lantarki. Ba ta da tsirkiya, ba ta da fata, ba a busa ta. Da'irorin lantarki da ke cikinta ne ke haifar da kaɗawa, matacin sauti ya rage wa kaɗawar kaifi ko ya bar ta da shi, sannan ta bi waya ta fita zuwa sifika. Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya ƙera a Amurka a 1970, tana cikin na farko da makaɗi zai iya saɓawa ya tafi da ita wurin wasa. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DX7, mai haɗa sautinta da lissafin dijital. A 1988 kuma kamfanin Korg ya kawo M1, wadda aka zuba wa sautukan kayan kiɗa na gaske da aka riga aka naɗa.

Irin wannan kiɗa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan ogan ɗin lantarki a 1978, wanda kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013. A Kano kuwa, tun shekarun 1990 aka shiga amfani da fiyanon Yamaha samfurin PSR wajen kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa. Duk abin da za a faɗa a darasin nan ya shafi wannan fiyano kamar yadda ya shafi sintesaiza mai tsadar gaske.

Yau akwai sintesaizar da manhaja ce zalla, tana zaune cikin kwamfuta. Duk da haka makaɗa da yawa ba su rabu da ta hannu ba, ko don wata murya da ba su samu irinta a kwamfuta ba, ko don yatsunsu sun saba da ita, ko don ba ta ɗora wa ƙaramar kwamfuta nauyi. Sai dai tana da sharaɗi guda, wanda a kansa aka gina darasin nan: sautinta a cikinta yake, ba a cikin kwamfuta ba. Sabon ɗalibi yakan shirya kiɗa, ya ji komai na tashi daidai a situdiyo, ya fitar da fayil ya tura wa mawaƙi, sai a bugo masa waya a ce ba a ji fiyano ba sam. Dalili shi ne bai taɓa ɗaukar sautin ba. Umarni kawai ya ɗauka.

1. Hanyoyi biyu: MIDI da sauti

Tsakanin sintesaiza da kwamfuta akwai hanyoyi biyu, kowacce da wayarta da aikinta.

Ta farko ita ce MIDI, ƙa'idar da masu ƙera kayan kiɗa suka amince da ita a 1983. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland su ne a kan gaba wajen samar da ita. A watan Janairun 1983 ɗin aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 a gaban jama'a a wani bajekolin kayan kiɗa a Amurka, aka danna ɗaya, ɗayar ta amsa. Wayar MIDI ba ta ɗauke da sauti ko kaɗan. Abin da ke bi ta cikinta lambobi ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi, wane abin murɗawa aka taɓa. Kowane ƙarfi yana tsakanin 0 da 127. Waya guda tana da tashoshi 16, wato za ta iya ba muryoyi 16 umarni daban-daban. A tsarin General MIDI, wanda yawancin fiyanon PSR ke bi, tasha ta 10 ta ganguna ce.

Hanya ta biyu ita ce ta sautin kansa. Yana fita daga sintesaiza a matsayin wutar lantarki mai kaɗawa, ya shiga katin sauti, katin ya auna shi sau dubbai a kowane sakan ya mayar da shi lambobi, manhaja ta ajiye shi a fayil.

Abin ya yi kama da awon tela da rigar da ya ɗinka. Awo lambobi ne a takarda, ana iya soke su a sake, ana iya kai su wurin wani telan, amma ba mai saka su ya fita unguwa. Riga kuwa ta saku, sai dai in an ɗinke ta, gyaranta bai wuce ragewa da kama gefe ba. Saboda haka mai hankali yakan riƙe duka biyun: ya yi gyaransa a MIDI tun abu na da sauƙi, ya ɗauki sauti in ya gamsu, kuma kada ya goge MIDI ɗin bayan ya ɗauka.

2. Kayan aiki

- Sintesaiza ko fiyano da adaftarta ta asali.
- Kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa, kamar FL Studio, Cubase, Ableton Live ko Reaper.
- Katin sauti na waje, mai shiga ta USB, wanda ke da aƙalla mashiga biyu.
- Wayoyin sauti masu babban jak na milimita 6.35.
- Wayar USB, ko wayoyin MIDI masu zagayayyen kai da ƙusoshi biyar.
- Hedifon ko sifikun situdiyo.

Ramin makirufo da ke jikin laftof bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne don sautin magana marar ƙarfi, yawanci mono ne, kuma yana kusa da hayaniyar cikin kwamfutar.

3. Haɗa wayoyi

Kafin a taɓa kowace waya, a kashe sifiku, a sauke duk ƙarar sauti zuwa ƙasa.

*Wayar sauti.* A duba bayan sintesaiza. In akwai ramuka biyu, L/MONO da R, to L ya tafi mashiga ta 1 a katin sauti, R ya tafi ta 2. In waya ɗaya kawai gare ku, ku sa ta a L/MONO, domin yawancin na'urori sukan haɗa ɓangarorin biyu a nan in ɗaya ramin babu komai. Ƙananan fiyano da yawa rami ɗaya suke da shi, na hedifon. Wannan yana bukatar waya mai reshe biyu: kai guda mai zobba biyu a ɓangaren fiyano, kawuna biyu masu zobe ɗai-ɗai a ɓangaren katin. Wanda ya sa waya guda mai zobba biyu daga ramin hedifon zuwa mashiga ɗaya zai iya jin sautin ya zama siriri, bas ya ɓace, saboda katin zai ɗebe ɓangaren dama daga na hagu maimakon ya haɗa su.

A jikin katin, a zaɓi LINE, ba INST ba, domin INST na jita ne. Maɓallin 48V na makirufo ne, a tabbata a kashe yake.

*Wayar MIDI.* In ta USB ce, waya ɗaya ta isa, ita ke kaiwa ita ke kawowa. In masu ƙusoshi biyar ne, mafita ke shiga mashiga: OUT na sintesaiza zuwa IN na katin, OUT na katin zuwa IN na sintesaiza. A lura, ramin USB na yawancin tsofaffin fiyano MIDI kaɗai yake ɗauka. Wasu sababbi suna tura sauti ma ta nan, littafin na'urar ne zai faɗa.

Wajen kunnawa, sifiku ne na ƙarshe. Wajen kashewa, su ne na farko.

4. Saita manhaja

A Windows, a saka direban ASIO na katin, a zaɓe shi a saitin sauti na manhajar. Kamfanin Steinberg na Jamus, mai Cubase, shi ya ƙirƙiro ASIO don sauti ya riƙa wucewa kai tsaye tsakanin manhaja da kati.

Sai a zaɓi lambobi biyu. Ta farko ita ce yawan awon da katin zai yi wa sauti a sakan guda. Faifan CD yana amfani da 44,100, aikin bidiyo kuma 48,000. Tun da kunnen ɗan Adam ba ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, kuma awo yana iya kama kaɗawar da ta kai kusan rabinsa, duka biyun sun wadatar. In waƙar fim ce, a tsaya a 48,000 daga farko har ƙarshe. Lamba ta biyu ita ce zurfin awo, wanda ake ƙidayawa da bit. A zaɓi 24.

Yanzu a buɗe layi biyu. Layin MIDI zai karɓa daga sintesaiza, ya kuma mayar mata a tashar da take saurare. Layin sauti zai karɓa daga mashiga ta 1 da ta 2. Ableton Live yana da External Instrument mai haɗa ayyukan biyu wuri guda, Reaper yana da ReaInsert. A FL Studio ana amfani da MIDI Out, kuma dole lambar da aka ba shi ta zo ɗaya da lambar da aka ba na'urar a saitin MIDI, in ba haka ba shiru za a ji.

Saura abu ɗaya a jikin sintesaizar. A nemo saitin Local a mayar da shi Off. In ba a yi haka ba, kowane maɓalli zai yi ƙara sau biyu, sau ɗaya daga yatsa, sau ɗaya daga umarnin da kwamfuta ta dawo da shi. Sautin zai shaƙe, kuma yawan muryoyin da na'urar ke iya fitarwa lokaci guda zai ragu da rabi. In an gama aiki a mayar da shi On, don kada gobe a kunna fiyano a ga ba ya magana a zaci ya lalace.

5. Ƙarfin shiga

Ma'aunin da ke cikin manhaja yana ƙarewa a 0 dB a sama, duk sauran lambobinsa na ƙasa da sifili ne. Sifilin nan rufi ne. Sautin da ya taɓa shi kansa zai yanke, ya fito da ƙara mai kaushi, kuma babu wani gyara da zai dawo da abin da ya yanke.

Ga yadda ake yi. A ɗaga ƙarar sintesaiza zuwa kusan kashi uku cikin huɗu. A kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, da hannu biyu, da irin ƙarfin da za a yi na gaske. A riƙa murɗa maɓallin ƙarfin shiga na katin har ma'auni ya riƙa kaiwa wajen -12 dB, kada ya wuce -6. In sitiriyo ne, ɓangarorin biyu su zo daidai.

Wasu sukan ga kamar sautin ya yi ƙasa, su ƙara. Ba bukata. Kowane bit yana ba da tazarar kusan dB 6 tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi girma. Bit 16 ya ba da kusan 96 ke nan, bit 24 kuma 144 a lissafi. Wanda ya bar dB 12 a sama bai yi asarar komai ba, kuma ana iya ƙara ƙarfi daga baya yadda ake so. Ga sintesaiza ma an fi bukatar wannan sarari, domin murɗa matacin sauti kaɗan kan iya sa ƙara ta yi tsalle ba zato.

6. Jinkiri

Kwamfuta ba ta sarrafa sauti awo ɗaya-ɗaya. Tana tara su a wani ma'aji da ake kira bafa, in ya cika ta sarrafa su gaba ɗaya. Lokacin jiran cikar nan shi ne tushen jinkiri. A awo 48,000, lissafin haka yake, kuma milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan:

- bafa 128: milisakan 2.7
- bafa 256: milisakan 5.3
- bafa 512: milisakan 10.7
- bafa 1024: milisakan 21.3

Wannan na tafiya ɗaya ne. Sautin da ya shiga kwamfuta ya sake fitowa zai ninka haka har da ɗan ƙari. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan cikin iska, don haka milisakan 3 daidai yake da tsayawa mita ɗaya daga sifika, ba wanda zai damu. In ya kai ashirin ko talatin kuwa, makaɗi zai ji yatsunsa sun riga kunnensa, kiɗan ya yi masa nauyi.

Lokacin ɗauka a sa bafa 128 ko 256. Lokacin gyara, da manhaja ke ɗauke da kaya masu yawa, a ɗaga shi zuwa 512 ko 1024. In aka ji ɗas-ɗas ko sauti na yankewa, bafan ya yi wa kwamfutar ƙanƙanta. Yawancin katuna suna da maɓallin saurare kai tsaye, mai kai sautin daga mashiga zuwa hedifon ba tare da ya ratsa kwamfuta ba. In an kunna shi, a kashe saurare na cikin manhaja, kada a ji abu ɗaya sau biyu.

Akwai wani jinkirin da ba a ji sai an duba. Wayar MIDI mai ƙusoshi biyar tana tafiyar bit 31,250 a sakan, umarnin maɓalli ɗaya yana cin kusan milisakan guda, kuma ita sintesaizar tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta amsa. Manhaja ba ta san wannan ba, sai an auna mata. A zaɓi murya mai kaifin farawa, a zana gajerun sautuka huɗu a layin MIDI, kowanne a kan bugu daidai, a ɗauke su a layin sauti. A ƙara girman hoton sautin har a ga inda kowanne ya fara. Tazarar da ke tsakanin layin bugu da farkon sautin ita ce jinkirin. In awo 480 ce, milisakan 10 ke nan. A rubuta wannan lamba a gurbin gyaran jinkiri na layin, ko a ja abin da aka ɗauka baya da gwargwadonta. A sake aunawa duk lokacin da aka canza kati ko bafa.

7. Matakan ɗauka

1. A saita saurin waƙa a manhaja tun kafin a kaɗa komai, a kunna ƙwanƙwasar da ke riƙe bugu.
2. A ɗauki MIDI tukuna. In an yi kuskure a ci gaba, gyaransa na zuwa.
3. A gyara MIDI: a goge sautin da yatsa ya taɓa bisa kuskure, a rage wanda ya yi ƙarfi, a tsawaita wanda ya gajarta.
4. A zaɓi murya ta ƙarshe ana sauraron ta tare da sauran kiɗan, domin muryar da ta yi daɗi ita kaɗai takan nutse ko ta danne mawaƙi in an haɗa.
5. A ɗana layin sauti, a saki MIDI ya kaɗa sintesaizar, a ɗauka daga farko har ƙarshe. Wannan mataki ba shi da gajeriyar hanya, waƙar minti huɗu minti huɗu za ta ci.
6. Kada a tsayar da ɗauka sai jelar sautin ƙarshe ta mutu gaba ɗaya.

Mataki na uku yana bukatar hattara wajen umarnin da ke jan kowane sauti zuwa layin bugu mafi kusa. Kiɗan Hausa da yawa yana raba bugu gida uku ne, manhaja kuwa takan zo a saite da rabon gida huɗu. Wanda ya ja kiɗa mai rabon uku zuwa layukan huɗu ya karya shi. A zaɓi rabon da ya dace, kuma a sa ƙarfin jan ya tsaya wajen rabi, don hannun makaɗi ya ci gaba da jiyuwa.

In fiyano ɗaya ke kaɗa ganga da bas da sarewa, kada a ɗauke su a dunƙule. A rufe sauran layuka, a ɗauki kowace murya ita kaɗai a layinta. Ya fi cin lokaci, amma ranar da mawaƙi ya ce a rage ganga, za a iya ragewa ba tare da an taɓa sarewa ba. Haka kuma a kashe amon ɗaki da amsa-kuwwar da ke cikin fiyanon, domin ana iya ƙara su a manhaja, amma ba a iya cire su. Banda inda adon ya zama jinin muryar, kamar faɗaɗa sautin da aka san Roland Juno-106 da shi. Irin wannan a ɗauke shi yadda yake.

In ana so a yi amfani da kiɗan rakiya na fiyano, a mayar da agogonsa External, a umarci manhaja ta tura masa agogon MIDI, wanda ke aika alama 24 a kowane bugu. Ta haka ba zai zame daga sauran kiɗan ba. Tsohuwar sintesaizar da ba ta da MIDI kuwa, kamar Minimoog ta asali, sauti kawai za a ɗauka, a yi ta maimaitawa a zaɓi mafi kyau. Irin waɗannan na analog a bar su su ɗumama na kwata ko fiye, sannan a daidaita su da ma'aunin da aka saba, wato sautin A a kan kaɗawa 440 a sakan.

8. Gyaran sauti

Kafin komai, a kwafi layin, a rufe na asali a ajiye.

*Yankewa.* A yanke shirun farko da na ƙarshe. In aka yanke sauti a tsakiyar kaɗawarsa, za a ji ƙas a wurin. Maganinsa a yanka inda zanen sautin ya ratsa layin tsakiya, ko a sa gajeriyar dusashewa ta milisakan 5 zuwa 10 a bakin yankan. Inda aka haɗa guntaye biyu daga ɗauka daban-daban, a sa ɗaya na dusashewa ɗayan na tasowa, kuma a yi haɗin gab da farkon sabon sauti, ba a tsakiyar dogon sauti ba.

*Tacewa.* Sintesaiza takan cika ko'ina, daga ƙasa har sama, ta hana sauran kaya wuri. Da ikwalaiza ake buɗe musu hanya. Duk muryar da ba bas ko babbar ganga ba, a yanke mata abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, wato kaɗawa a sakan. In kiɗa ya yi duhu ya cakuɗe, a duba tsakanin 200 da 400. In fiyano na kokawa da muryar mawaƙi, a ɗan rage masa tsakanin 2,000 da 5,000, inda kalmomi ke fitowa fili. Rage dB 2 ko 3 yakan isa.

*Matsewa.* Kwamfuresa tana rage tazarar da ke tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi. In an sa ta 3:1, duk dB 3 da sauti ya haura iyakar da aka sa, 1 kaɗai zai fita. Bas yakan amfana da ita. Dogon sauti mai shimfiɗa kuwa yawanci a daidaice yake tun daga na'ura, ba ya bukata.

*Amsa-kuwwa.* Don ta tafi tare da kiɗa, a raba 60,000 da yawan bugu a minti. Waƙa mai bugu 100 tana da milisakan 600 a kowane bugu, rabinsa 300, sulusinsa 200.

*Gwajin mono.* Yawancin masu sauraro a waya za su ji waƙar, ko a ƙaramar sifika guda. A danna maɓallin mono a saurara. In wata murya mai faɗi ta shaƙe ko ta ɓace, a rage faɗinta. Bas ya zauna a tsakiya.

9. Gurnani da tsuwwa

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma ita ce gurnanin da kan shiga ɗauka. A janareto ma abin ya fi wuya, domin kaɗawar takan hau ta sauka tare da injin, matacin da aka saita a kan 50 ya riƙa kuskurenta. Don haka a kashe matsalar tun kafin a ɗauka. A ɗaga hedifon ba tare da an kaɗa komai ba, a gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

- A zare cajar laftof. In gurnani ya tafi, a yi ɗaukar a kan batir.
- A zare wayar USB ta sintesaiza. In tsuwwa ta tafi, a koma wayar MIDI mai ƙusoshi biyar, wadda aka ƙera mashigarta yadda wutar na'urorin biyu ba ta haɗuwa.
- A jona dukkan kayan a soket guda.
- A nisanta wayoyin sauti daga adafta da wayoyin wuta, a kuma kawar da wayar salula.
- In duk bai yi ba, a sa akwatin DI tsakanin sintesaiza da kati.

Kada a taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani. Ita ce ke kare mutum in wuta ta zubo a jikin na'ura.

10. Adana aiki

Kowace waƙa ta samu foldarta. A ciki a ajiye fayil ɗin manhaja, da sautukan da aka ɗauka, da MIDI, da rubutaccen bayani: sunan na'ura, lambar kowace murya, saurin waƙa, da jinkirin da aka auna. In kun ƙirƙiri murya da kanku, ku tura ta kwamfuta ta saƙon SysEx ku ajiye. Tsofaffin na'urori irin su DX7 ƙaramin batir ne ke riƙe musu muryoyi, ranar da ya mutu suna iya tafiya. Wadda ba ta da ma'aji kuwa, a ɗauki hoton fuskarta da waya, a sa shi cikin foldar.

A ba fayiloli suna mai ma'ana, kamar sunan waƙa da murya da lambar ɗauka. A ajiye su a WAV. Minti guda na sitiriyo a awo 48,000 da bit 24 yana cin kusan megabait 17, wato waƙar minti huɗu mai layuka goma ta kusa 700. MP3 na tura samfuri ne kawai, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin. In za a kai aikin wani situdiyo, a fitar da kowane layi daban, dukkansu daga farkon waƙa, ko da layin shiru ya fara da shi, don su hau daidai a kowace manhaja. A riƙa danna ajiyewa bayan kowace ɗauka saboda ɗaukewar wuta, kuma a yi kwafi na biyu a wani faifan daban.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a jin sintesaiza a fayil ɗin da aka fitar in MIDI kaɗai aka ɗauka?
2. Wace matsala Local Off ke magancewa?
3. Nawa ne jinkirin bafa 256 a awo 44,100?
4. Waƙa tana da bugu 120 a minti. Milisakan nawa za a sa wa amsa-kuwwa don ta faɗo a rabin bugu?
5. Kawo dalilai biyu na ɗaukar kowace murya a layinta.
6. An ji gurnani, an zare caja ya tafi. Mene ne abin yi, kuma mene ne ba za a yi ba?

Aikin gwaji

Ku kasu bibbiyu. Ku shirya kiɗa na sakan talatin mai muryoyi uku: ganga, bas, da wata murya mai jan waƙa. Ku ɗauki MIDI, ku gyara, ku auna jinkirin na'urarku ku rubuta, sannan ku ɗauki kowace murya a layinta, ma'auni bai wuce -6 dB ba. Ku yanke, ku tace, ku yi gwajin mono. Daga nan ku zare sintesaizar gaba ɗaya, ku fitar da fayil ɗin WAV, ku saurare shi a waya. A ƙarshe ku miƙa foldarku ga wata ƙungiyar, su yi ƙoƙarin dawo da muryoyinku uku a kan na'urar da bayanin da kuka rubuta kaɗai. Abin da suka kasa dawowa da shi, ku ƙara bayaninsa kafin ku miƙa wa malami.